Me Ya Sa Ɗan Dako Bai Fi Tela Ƙwanji Ba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau lokacin da ake sauke tirela ya ga irin mutumin da zan fara da shi. Siriri ne, idan aka ɗora shi a sikeli da ƙyar zai haura kilo 60. Zai juya baya a aza masa buhun masara mai kilo 100, ya bi ta kan katakon da aka jingina ya sauko, ya kai sito, ya dawo a aza masa wani. Haka zai yi tun hantsi har la'asar sakaliya, kuma ya shekara da shekaru yana yi. A unguwarmu kuma akwai wani tela da ke wuni a zaune yana taka keke. Sau uku kacal a mako yake shiga wani kango da ke bayan garejin kanikawa, inda samari suka haɗa kayan ɗaga ƙarfe da tsofaffin ƙarafan mota da simintin da aka zuba a bokitin fenti. Ba ya wuce awa ɗaya a ciki. Shekara biyu ke nan da ya fara, yanzu rigunan da ya ɗinka wa kansa duk sun matse shi a damtse da kafaɗa.

Idan wahala ce ke gina jiki, ai ɗan dako ya sha ta ninkin ba ninkin. To me ya sa jikinsa ya tsaya inda yake, na tela kuwa ya murɗe? Na daɗe ina juya wannan tambaya, domin duk kuskuren da nake gani a wajen samarinmu masu son ƙwanji, daga rashin sanin amsarta yake farawa.

Jikin ɗan'adam mai tattali ne. Tsoka tana da tsadar riƙo, ko kana kwance tana cin rabonta na abinci, don haka jiki ba ya ajiye wadda ba ya bukata. Wanda ya taɓa karaya aka yi masa ɗori na mako shida ya ga shaida da idonsa: ranar da aka kwance, ƙafar ta tsotse, ba ta kai 'yar'uwarta ba. Akasin wannan ne ke faruwa a wajen ɗaga ƙarfe. Tsoka dunƙulen dubban zaruruwa ce, kamar igiyar da aka tufka da rama. Idan aka tilasta wa zaruruwan nan jan nauyin da ya kusa fin ƙarfinsu, jiki sai ya gane cewa kayan aikin da ke wurin bai isa ba. Daga wannan lokaci har kwana ɗaya zuwa biyu zai ƙara saurin ƙera furotin, wato sinadarin gina jiki, a cikin tsokar da ta sha jan. Yawan zaruruwan ba ya wani ƙaruwa, kowane ɗaya ne ke ƙara kauri. Abin lura a nan shi ne, ba a cikin kangon ake ginin ba. A kango ana ba da umarni ne kawai. Ginin kansa sai an koma gida, an ci, an kwanta.

Amma jiki yana gama biyan bukatar da aka nema sai ya tsaya. Idan ya gina tsokar da za ta iya ɗaga kilo 40 sau goma ba tare da galabaita ba, ba shi da dalilin ƙara ko zare ɗaya, sai an nemi abin da ya ɗara haka. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Wai kullum yakan saɓi ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma shi kuma bai fasa ba, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labari ne na kaka da kakanni, amma ƙa'idar da ke cikinsa ta tabbata a asibiti. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne, ya ga sojojin da aka yi wa aiki a gwiwa suna daɗewa ba su miƙe ba, saboda ana lallaɓa su da motsa jiki marar nauyi. Sai ya sa kowane soja ya nemo nauyin da ba zai iya ɗagawa fiye da sau goma ba, ya riƙa aiki da shi, da zarar ya yi masa sauƙi a ƙara. Ya wallafa sakamakon a 1945, kuma a 1948 shi da Arthur Watkins suka daidaita tsarin a kan zubi uku, kowane zubi ɗagawa goma. Wannan "uku sau goma" da ake ji a bakin masu horarwa daga Kano har Landan, daga ɗakin jinyar sojoji ya fito.

Yanzu mu koma Dawanau. Buhun da ɗan dako ya ɗauka shekara goma da suka wuce kilo 100 ne, na yau ma kilo 100 ne. A watanninsa na farko jikinsa ya gina abin da aikin ke nema, wuya da gadon baya da cinyoyi suka yi tauri, daga nan maraƙin bai ƙara girma ba. Sannan buhun a kan bayansa yake zaune yana tafiya da shi, tsokokin suna riƙe ne kawai, ba sa miƙewa su dunƙule daga farko har ƙarshe kamar yadda ake yi da ƙarfe. Ga shi ba shi da ranar hutu, ranar da bai fito ba ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Abin da ya ci da rana, rogo ne ko garin kwaki ko ɗan tuwo, kafin magariba aikin ya ƙone shi tas. Umarnin gini bai canja ba, tubalin gini babu, lokacin gini ma babu. Tela kuwa duk mako biyu ko uku yana ƙara ɗan ƙarfe, yana samun kwana guda na hutu tsakanin kowane zuwa, kuma ɗan abin da yake samu a ɗinki yana isarsa sayen ƙwai da awara.

Kada wannan ya sa wani ya raina ɗan dako. Idan aka aza wa telan nan buhu aka ce ya hau katako, kafin taku biyar zai zube. Nan ne muka iso ga abin da ya fi rikita mutane: ƙarfi daban, girman tsoka daban. 'Yan'uwan juna ne, amma ba tagwaye ba ne.

Tsoka ba ta motsi da kanta, sai ƙwaƙwalwa ta aiko mata da saƙo ta jijiyoyi. Mutumin da bai saba ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tashin dukkan zaruruwan a lokaci guda ba, kuma tsokokin da ya kamata su saki jiki sai su riƙa ja-in-ja da masu aikin. Shi ya sa sabon shiga yakan ga abin da yake ɗagawa ya ƙaru sosai cikin wata ɗaya, amma ya auna damtse ya ga yana nan yadda yake. Ƙwaƙwalwa ce ta koyi aikin. Tun 1894 wasu masu bincike a Jami'ar Yale suka lura da wani abin mamaki: idan aka horar da hannu ɗaya kawai, ɗaya hannun da bai taɓa komai ba shi ma yana ƙara ƙarfi. Babu tsokar da ta ƙaru a wannan hannun, darasin ne ya ratsa ta ƙwaƙwalwa ya isa gare shi. Saboda haka ƙarfi yana da rabon ƙwarewa a cikinsa, kuma ƙwarewa tana bin aikin da aka maimaita. Ɗan dako gwani ne a buhu, tela gwani ne a benci, inda ake kwanciya a tura ƙarfe sama daga ƙirji.

Manyan 'yan wasa sun nuna iyakar inda wannan ke kaiwa. A gasar Olamfik ta Seoul a 1988, Naim Suleymanoglu na Turkiyya, gajeren mutum mai nauyin kilo 60, ya ɗaga kilo 190 sama da kansa, fiye da ninki uku na jikinsa. A gasar nakasassu ta Landan a 2012, ɗan Najeriya Yakubu Adesokan, a rukunin masu nauyin kilo 48, ya tura kilo 180 yana kwance a benci ya ɗauki zinare. Najeriya ta daɗe tana cin lambobi a wannan wasa, mata irin su Lucy Ejike da Folashade Oluwafemiayo sun kafa tarihi a cikinsa. Masu bin kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sau nawa suka ga ƙato ya sha ƙasa a hannun wanda bai kai shi jiki ba.

To wane irin nauyi ya kamata a ɗaga? A kangon unguwarmu an yi imani cewa ƙarfe mai nauyi shi ke sa girma, marar nauyi kuwa "yanka" jiki kawai yake yi. Bincike bai goyi bayan haka ba. Jiki yana tashin zaruruwan tsoka ne bi da bi: ƙananan masu juriya su ke fara fita, manyan da suka fi saurin kauri sai an matsa sosai suke shigowa. Ana iya matsawar ta hanya biyu, ko dai nauyin ya yi yawa tun daga farko, ko kuma a yi ta maimaita marar nauyi har ƙananan su gaji manyan su karɓa. A 2012 ƙungiyar Stuart Phillips a Jami'ar McMaster ta Kanada ta gwada haka a kan samari: wata ƙafa tana ɗaga kashi 80 cikin ɗari na iyakar ƙarfinta, wata kashi 30 kacal, amma kowacce sai ta kai inda ba za ta iya ƙara ko ɗaya ba. Bayan mako goma, kaurin da tsokar cinya ta ƙara ya zo kusan ɗaya. Inda aka bambanta shi ne a ƙarfin ɗaga abu mafi nauyi sau ɗaya, a nan masu nauyin suka yi gaba.

Wannan albishir ne ga wanda ba shi da kuɗin shiga gidan motsa jiki na zamani. Tsoka ba ta san tambarin kamfani ba, nauyi kawai ta sani. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti kilo 50 ne, reshen darbejiya mai ƙwari ya isa mutum ya riƙa jan jikinsa sama. Sharaɗin dai shi ne ɗagawar ƙarshe a kowane zubi ta zama mai wuya ta gaske, har mutum ya ji saura ɗaya ko biyu ya kasa. Wanda ke neman girma zai iya aiki tsakanin ɗagawa 6 zuwa 20 ko fiye. Wanda ke neman tsantsar ƙarfi dole ya saba da mai nauyi, ɗagawa 3 zuwa 5, da hutun minti biyu zuwa uku a tsakani. Game da yawa kuwa, zubi goma a mako ga kowace babbar tsoka, a raba su gida biyu, ma'auni ne mai kyau ga yawancin mutane, kuma sabon shiga zai ga canji da ƙasa da haka. Matsala ɗaya ta ƙarafan gida ita ce ba a san nauyinsu ba, kuma daga wannan zuwa na gaba tazarar takan yi yawa. Na ga wani kangon da suka ari sikelin mai sayar da gawayi suka auna kowane dunƙulen siminti suka rubuta nauyinsa da fenti. Wannan dabara ta fi sabon benci amfani, don wanda bai san abin da ya ɗaga makon jiya ba, ba zai san ko ya ƙara yau ba.

Abin da ya fi damuna idan na shiga irin waɗannan wurare shi ne kowa ƙirji da damtse yake yi. Layi ake bi a kan benci, ƙafa kuwa babu mai kula ta. Alhali manyan tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu da gadon baya suke. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, turawa sama da kai, jan nauyi zuwa ciki, waɗannan su ne ginshiƙan aikin, lanƙwasa damtse ado ne a kansu. Mai tura benci kullum ba ya jan komai, a hankali kafaɗunsa za su ranƙwafo gaba, ciwo ya biyo baya.

Wata rana da yamma ina zaune a bakin kangon, wani yaro da bai fi mako biyu da farawa ba ya kwanta a benci ya ce wa babbansu, wani bakanike mai furfura a gemu, "Oga, a ƙara min biyu." Mutumin ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanda ke kai ma ba kai ka ɗaga ba, ni na ɗaga maka rabi. Sauke, ka yi shi goma da kanka, ƙarfe ya taɓa ƙirji ya tashi ba tare da ka banƙare ba. Ranar da ka yi haka ni da kaina zan ƙara maka." Yaron ya tashi yana ƙunƙuni, abokansa na kallo. Gaskiya tana wajen dattijon. Garaje ba ƙarfi ba ne, in ji Hausawa, kuma akwai dalilinsa a cikin jiki: tsoka tana saurin ƙara ƙarfi fiye da jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi, don jinin da ke kai musu kaɗan ne. Idan aka bi tsoka aka yi ta loda nauyi, gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu ne ke biyan bashin, kuma ciwonsu yakan ɗauki watanni.

Haka ma batun tsamin jiki. Samari suna ɗaukarsa shaidar cewa aiki ya yi kyau. Tsamin da ke tasowa kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye alama ce kawai ta cewa an yi abin da jiki bai saba ba, yana raguwa idan an saba, kuma tsoka tana ci gaba da girma ko babu shi. Ciwon da ke suka a cikin gaɓa kuwa gargaɗi ne, a tsaya. Akwai kuma wanda ba a wasa da shi ko kaɗan: idan sabon shiga ya yi wa kansa gwale-gwale, musamman a zafin watan Afrilu ba tare da isasshen ruwa ba, sai tsokoki suka kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini, tana iya toshe ƙoda. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba. Mai hawan jini kuma ya fara ganin likita, ya kuma guji riƙe numfashi yana yunƙuri.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2018 aka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum fiye da 1,800, aka ga amfanin furotin wajen ƙara tsoka yana hawa har zuwa kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga nan ƙarin ba ya wani tasiri ga yawancin mutane. Ga mai kilo 65, wajen giram 104 ke nan. Masu tallan garin furotin na cikin manyan robobi suna so a ɗauka sai da kayansu za a kai wannan adadi, alhali kasuwar unguwa cike take da shi. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Giram 100 na busasshen wake yana da wajen 23, gyaɗa 25, waken suya 36, dafaffen nama marar kitse wajen 26, rabin litar nono wajen 16. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita yawan furotin, tunda an matse man. Ga busasshen kifi, ga fara a lokacinta. Furotin ɗin hatsi yana da gibi a wani sinadari, na wake yana da gibi a wani daban, idan an haɗa su kowanne ya cike wa ɗan'uwansa. Iyayenmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma garau-garau da ɗanwake da ƙosai da koko duk a kan wannan haɗin suke. Wanda ya karya da ƙosai da ƙwai biyu, ya ci shinkafa da wake da rana, ya sha fura da nono, ya ci awara da yamma, ya barbaɗa ƙuli a kwaɗonsa, ya kama hanya. Ɗanyen ƙwan da ake fasawa a madara a shanye kuwa asara ce: an gwada an ga jiki yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen rabi, ga haɗarin ciwon ciki. Kuma furotin kaɗai ba ya isa idan mutum ba ya ƙoshi, don jiki mai yunwa ƙone shi zai yi ya samu kuzari. Ba na mance cewa a halin tsadar da ake ciki ba kowa ke iya cin haka kullum ba, shi ya sa ma nake baƙin ciki idan na ga yaro ya tara kuɗin da zai saya masa ƙwai na wata guda ya ba mai roba.

Barci shi ne rabin da ake wasa da shi. Awa bakwai zuwa tara manya ke bukata, amma samarin da ke ɗaga ƙarfe da la'asar su ne a majalisa ko gidan kallon ƙwallo har ƙarfe ɗaya na dare. Da azumi kuwa babu dalilin fargaba. Wani gwaji a Jami'ar Alabama ya nuna samarin da suka rage atisayensu zuwa kashi ɗaya cikin uku sun riƙe tsokarsu na tsawon watanni, muddin ba su rage nauyin da suke ɗagawa ba. Ɗan gajeren atisaye bayan shan ruwa ko bayan asham ya wadatar har a yi salla.

Ko da an bi duk wannan, ba kowa zai samu daidai da ɗan'uwansa ba. A wani bincike na 2005, mutum 585 sun yi atisayen damtse iri ɗaya na mako 12. Wasu tsokarsu ta ƙaru da fiye da rabi, wasu kuwa kusan ba ta motsa ba. Halitta tana da hannu a ciki. Saurayi ya yi wata shida yana fama, ya ga abokinsa ya wuce shi, ya buɗe waya ya ga wasu ƙattai a Instagram da TikTok, sai wani ya raɗa masa cewa akwai allura.

Ba zan ce allurar ba ta aiki ba, don yaran za su gane ƙarya nake. A 1996 Shalender Bhasin da abokan aikinsa a Amurka sun raba maza gida huɗu na mako goma. Waɗanda suka yi atisaye ba allura sun ƙara wajen kilo 2 na nama marar kitse. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, mai yawa ba su ɗaga komai ba sun ƙara fiye da kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun sun ƙara kilo 6. Wannan shi ke bayyana yawancin jikunan da ake gani a waya, kuma shi ya sa auna kai da su zalunci ne ga kai. Amma kuɗin da ake biya ba a kemis yake ƙarewa ba. Idan jiki ya ga sinadarin mazantaka yana shigowa daga waje, sai ya daina ƙera nasa: 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya yi ƙaranci har ya kai ga rashin haihuwa, wani lokaci na dogon zango. Nono yana iya fitowa a ƙirjin namiji. Jini ya hau, zuciya ta yi kauri, ƙwayoyin da ake haɗiya su taɓa hanta. Idan ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ga ciwon hanta da ƙanjamau. Saurayin da ke gina jiki don ya burge wadda zai aura ya kamata wani ya zaunar da shi ya faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro.

Akwai wanda ya fi wannan ban takaici, don shi ko ƙwanjin ma ba ya bayarwa. Ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa deksametason ce. Ana kiranta sitiroyid kamar waccan, amma aikinta akasi ne, rusa tsoka take yi. Tana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, mutum ya ga ya cika ya ɗauka ƙiba ce ta lafiya, alhali hannuwa da ƙafafu suna tsotsewa, suga da jini suna hawa, ƙashi yana rauni. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke ta dare ɗaya ba, sai likita ya janye masa a hankali. Taramadol kuma, wadda 'yan dako da leburori da wasu masu ɗaga ƙarfe ke sha don su daina jin gajiya, ba ta ƙara ko zare ɗaya na tsoka. Bakin ciwo kawai take rufewa, mutum ya ci gaba da aiki a kan gaɓar da ta lalace. Tun daga farkon 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta ta a lokacin gasa.

Duk surutun nan a kan samari muke yi, alhali su ne suka fi kowa ƙarancin bukatar ƙarfen. Daga shekara 30 tsokar mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka raguwarta tana buɗe wa ciwon suga ƙofa. Ƙashi ma sai yana ɗaukar nauyi yake riƙe ƙwarinsa, abin da ya fi shafar mata bayan ɗaukewar al'ada. Kakanninmu mata sun samu rabonsu a turmi da taɓarya da gugar rijiya da dutsen niƙa. Matar birni ta yau inji ya karɓe mata daka, mai ga-ruwa ya karɓe mata ɗiba, wannan sauƙi ne da ya kamata a gode masa, sai dai babu abin da ya maye gurbin nauyin. Idan ta ce za ta ɗaga wani abu a tsakar gidanta sai a ce za ta koma kamar namiji, alhali sinadarin da ke sa irin wannan murɗewar ya ninka sau goma ko fiye a jikin maza. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su yi kwana uku suna haɗawa da na daidaita tsayuwa.

Ga mai cewa lokaci ya ƙure masa, a 1990 Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, masu shekaru wajen 90, babbansu yana da 96. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Tara daga cikinsu suka kammala mako takwas, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, tsokar cinya ta ƙara kauri, tafiyarsu ta ƙara sauri.

Wannan labarin na ba gwaggona lokacin da na tarar ta koma salla a kan kujera, ba don wata cuta ba, likita ya duba ya ce ƙafafun ne kawai suka yi sanyi. Ta ce, "Kai ɗan nan, ni da tsufana za ka mai da ni 'yar dambe?" Na ce, "Gwaggo, tashi kawai za ki riƙa yi daga bakin gado ki koma, sau takwas, safe da yamma." Da farko sai ta dafa gwiwa da hannu biyu. Bayan mako uku ta daina dafawa. Muka koma kujera mai gajarta, daga baya jikarta ta riƙa miƙa mata galan ɗin ruwa mai lita huɗu ta rungume tana tashi da shi. Da na je gaishe ta da babbar salla, na iske an jingine kujerar a bayan ƙofa an ɗora mata kwandon albasa, ita kuma tana kan darduma.